Harbin Jelifish a Ruwan Chesapeake

Jama'a, abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma na rantse da Allah ban ƙara masa gishiri ba. Shekara bakwai ke nan ko takwas, lokacin ina aiki a wani kantin magani a Lanham, jihar Maryland, muna zaune ni da matata Rabi da 'yarmu Hanifa, tana goye a lokacin.

Wata Asabar ce cikin watan Agusta, zafi kamar a gasa mutum, sai maƙwabcinmu Malam Isuhu, mutumin Maraɗi ne, dattijo mai son fita, ya ce mu kwashi iyali mu je bakin ruwan Chesapeake mu sha iska, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Ni kuwa a Yawuri na tashi, a bakin kogi, tun ina ƙarami nake iyo, to kun san mutum da abin da ya iya. Muna isa muka yi azahar, aka shimfiɗa tabarma, mata suka buɗe kulolin dafa-duka, ni kuma na tuɓe riga.

Wata Baturiya mai gadin masu wanka ta ce mana a yi hattara, jelifish sun yi yawa bana. Ga wanda bai san shi ba, wata halitta ce ta ruwan gishiri, fara fat kamar leda ta sha ruwa, ba ido ba baki, sai wasu zarurruka dogaye da take ja a ƙasa, su ne ke harbi. Na ce to, amma a raina dariya na yi, wai ni za a tsorata da leda.

Na shiga ina tafiya a hankali har ruwa ya kawo mini ƙirji, na nutsa sau ɗaya don in jiƙa kaina. Ina ɗagowa sai na ji shiru. Ba irin shirun da kuka sani ba. Ga yara can suna guje-guje, ga motoci suna wucewa a kan wata babbar gada da ta ratsa ruwan, ga tsuntsaye suna buɗe baki a sama, amma ba na jin komai, kamar an tura mini auduga a kunne. Na girgiza kai, na sa yatsa na kaɗa, a banza.

Da na duba ruwan sai na gan su. Jelifish ne sun kewaye ni, ba zan iya cewa guda nawa ba, sun yi da'ira kamar an shata, tsakanina da su bai fi kamu biyu ba, kuma babu wanda ya matso. Igiyar ruwa tana zuwa tana wucewa, su ko gezau. Na so in ɗaga ƙafa in koma baya, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba.

Daga nan ina hango Rabi ta miƙe tsaye, ta sa hannu a goshi tana duban ruwa. Na ɗaga mata hannu. Wallahi idonta yana kaina, amma kamar tana kallon fili. Sai na ga ta fara gudu a bakin ruwan, mayafinta ya faɗi ba ta tsaya ɗauka ba, Malam Isuhu ya shigo ruwa da wandonsa har gwiwa yana buɗe baki, na san sunana yake kira. Na yi ihu iya ƙarfina, ni kaina ban ji muryata ba. Aka fitar da kowa daga ruwa. Wani ƙaramin jirgin ceto ya zo da mutum biyu, ya wuce ta gabana, kusa har ina ganin zanen da ke hannun ɗayansu, mutumin ya leƙa daidai inda nake tsaye, ya kau da kai. Subhanallahi! A nan ne na fara karanto duk abin da ya zo bakina, ina kamawa ina saki.

Abin da ya fi ba ni tsoro idan na tuna, shi ne daga baya tsoron ya tafi. Wani daɗi ya fara saukar mini, ruwan ya yi ɗumi, na ji babu abin da nake so kamar in durƙusa in kwanta a ciki, har na fara lanƙwasa gwiwa, ruwa ya kawo mini haɓa.

Sai guda ɗaya daga cikinsu, ƙarami ma, ya bar layi ya taho, ya naɗe mini hannun hagu daga wuyan hannu zuwa kafaɗa. Wayyo! Kunama ta harbe ni sau biyu a rayuwata, amma wannan kamar an ɗora mini wayar wuta ne. Na ƙwalla ƙara, kuma a wannan karon na ji ta, duniya duka ta dawo mini lokaci guda, injin jirgi, kukan Hanifa, jiniyar motar asibiti. Mutanen jirgin suka juyo a firgice, suka fizge ni sama. Da na waiga ruwan, babu jelifish ko ɗaya.

A bakin ruwa suka wanke mini hannun da binega, wani ruwa mai tsami, ya yi jajawur, ya tashi layi-layi kamar bulala. Malam Isuhu ya riƙe kafaɗata.

"Ina ka tahi, ɗan'uwa? Mi ya same ka?"

Na ce, "Malam, ina nan tsaye, ko minti biyar ban yi ba."

Ya nuna mini agogonsa. La'asar ta wuce. Sun fi awa ɗaya da rabi suna nemana. A asibiti likita ya ce wataƙila zafin rana ne da dafin suka ruɗa ni. Na ce masa ai harbin daga ƙarshe ya zo, ya yi murmushi kawai ya rubuta mini man shafawa.

Ciwon ya warke cikin sati biyu. Amma Rabi ta canja, ta rage magana, wani lokaci ina cin abinci sai in ɗago in ga ta zuba mini ido. Sai bayan kusan wata uku, muna dawowa daga cefane, na tsayar da mota a ƙofar gida, ta ce, "Abban Hanifa, akwai abin da ban gaya maka ba."

Na ce ina jin ta.

Ta ce, "Ranar nan, ana cikin nemanka, na gan ka ka fito daga ruwa can gefe, da wandonka da komai, kana tafiya wajen da muka ajiye mota. Na bi ka ina kira, ba ka waiwayo ba. Saura kaɗan in kama hannunka, har ka fara juyowa, sai na ji ihunka a bayana, daga cikin ruwa. Da na sake dubawa babu kowa, sai sawun ƙafa a jiƙe a kan kwalta."

Sannan ta ce, "Da ba ka yi ihun nan ba, da tare da shi zan koma gida."

Mun daɗe a cikin motar ba wanda ya buɗe ƙofa.

Har yau ban san mene ne ba, na tambayi malamai biyu, kowa ya ce in yi sadaka in riƙe azkar, na kuma riƙe. Ni dai shawarata gare ku, duk iya iyonku, kada ku shiga ruwan da ba ku sani ba babu addu'a a bakinku, kuma ku sa wani ya tsaya yana kallonku. In kuma naku ya fito daga ruwa kuka kira shi bai amsa ba, don Allah kada ku yi saurin kama hannunsa.