Harafin da Inna ta Juya

A bakin wani Ibo mai fenti, wanda ke da rumfa a gefen titin Arawa, na fara jin kalmar sitansil. Falle ne na gwangwani da aka huda siffar harafi a tsakiyarsa. Ka ɗora a kan allo ko ƙofar mota, ka dangwala soso a fenti ka bi hudar, ka ɗaga, sai ga rubutu. Inna ba ta taɓa wahalar da harshenta a kan kalmar ba. Gwangwanin rubutu take cewa.

Lokacin da kuɗin fetur ya shigo gari, kowane ɗan makaranta baƙin akwatin ƙarfe yake saya, duk iri ɗaya. Da Yaya ya samu makarantar koyon sana'a a Kaduna, sai aka kira mai fentin nan zuwa gida ya sa masa suna a nasa. Yaya ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunansa. "Yaron nan" take cewa, ta kau da kai. Ba ta iya karatu ba, amma ranar ta bar tukunya a wuta ta zo ta tsuguna tana kallo.

"Mama, ɗora mini wannan ki danne," in ji mai fenti.

Ta ɗora, ta danne da yatsu biyu. Ashe a kife ta ɗora shi. Da aka ɗaga, harafi na uku ya ba sauran baya. Yaya ya kumbura, wai za a yi masa dariya a makaranta. Mai fenti ya ce bari ya shafe ya sake.

"A bar shi," in ji Inna. "Ai ya zauna."

Mun daɗe muna tsokanarta, muna kiranta malamar boko.

A hutun shekararsa ta biyu labari ya zo cewa motar Kaduna ta kife a hanyar Bauchi, an kwaso kayan fasinjoji an tara a tasha. Yaya ba ya aiko da ranar zuwansa, saboda haka ba mu san ko yana ciki ba. Kawunmu ya wuce asibitin Bauchi, ni da Inna muka nufi tasha.

Ni na fara ganin akwatin. Ya lotse, kwalta ta kankare rabin sunan. Na je na tsaya a gabansa na tare shi da zanena. Na ce a raina, tunda ba ta karatu, bari ta samu ko yini ɗaya kafin kawu ya dawo.

"Inna, babu nasa. Mu tafi."

"Matsa, 'yar nan."

Ta tsuguna kamar yadda ta tsuguna ranar fenti, ta ɗora yatsu biyu a kan harafin.

"Wannan ni na juya shi," ta ce.

Washegari kawu ya dawo shi kaɗai. A can aka binne Yaya.

Daga baya na zama malamar makaranta, na yi ta buga jarrabawa a kan wata takarda mai santsi da ita ma ake kira sitansil. Har na bar aiki ban so jin kalmar ba.

Akwatin ya zauna a ɗakin Inna har ta rasu. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. Amma ƙura takan rufe murfin duka, ban da wurin harafin nan.