Ranar da Goggo ta shanye lissafina

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekarun da takarda ta yi wuya a Akara ne, ina gyaran rediyo a shagon yayana a unguwar Nima. Da tarkacen da nake tsinta na haɗa 'yar na'ura mai ƙwaƙwalwa, waya bayan waya. Ba ta jin komai sai lamba. Kowane umarni sai na rubuta shi a taƙaice, sannan in juya shi lamba, kuma ba ƙirgan goma-goma na kasuwa ba, na sha shida-sha shida. In ina nufin ashirin, ɗaya da huɗu zan rubuta. Kuskure guda, ta sandare ta bar ni da gumi.

Yaya ya gaji. Ya ce, "Nan da Juma'ar ƙarshen wata in abin nan bai ƙirga ba, masu gwangwan zan sayar wa, ka koma kan rediyon mutane."

Tunda ba takarda, tsohon allona na makaranta na ɗauko, na ja layuka gida-gida, na zuba lambobin da tawada, na Larabci, don hannuna ya fi sauri a nan. Sati uku ina fama, gaba da bayan allon duk sun cika. Ita kuwa na'urar, da an ɗauke wuta ta manta komai, don haka allon nan kaɗai na dogara da shi.

Ranar Alhamis, ana gobe wa'adin, na tafi da allon gida unguwar Mamobi, na jingine, na fita sallar la'asar. Na dawo na tarar da shi fes, yana ɗigar ruwa. Goggo, yayar babanmu, tana zaune tana goge baki, ga ƙwarya a gabanta.

"Goggo, ina rubutuna?"

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ashe ka iya hatimi, ka bar ni shekara biyu da ciwon gwiwa?"

Innalillahi! Hatimi? Na ce mata lissafin inji ne fa. Ta ce ai duk ilimi na Allah ne, in daina yi mata ihu a ka. To, ya za ka yi da wadda ta goya ubanka?

Na zauna in sake daga ka. Rabin lambobin na tuno, shi ma ban yarda da shi ba. Ranar Juma'a na danna su ɗaya-ɗaya, fitilun na'urar suka ƙifta sau biyu suka tsaya cak.

Yaya ko faɗa bai yi ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Buhun kai wa masu gwangwan ya kawo, kuma ni na riƙe masa bakin.