Ansel Pettibone, Abokin Gardamata

Da safiyar Talata, 14 ga Maris, 1911, Marit ta aiko a gaya mini cewa mijinta, Ansel Pettibone, ya cika bayan gajeriyar jinyar ciwon huhu. Na tashi daga teburina na tsaya a bakin taga, ina kallon ofishinka da ke tsallaken titi, Ansel, kamar za ka fito da gilashi a goshi ka ɗaga mini hannu. Ƙofar ba ta buɗe ba. Garin Port Ellery ya rasa ɗan jaridar da babu kamarsa, ni kuma na rasa mutumin da na shafe rabin rayuwata ina gardama da shi ban gaji ba.

Na so in rubuta wannan da sanyin jiki, yadda aka saba. Abin ya ƙi. Da na tuna ka sai alƙalamin ya kama gudu, domin ko kwana ɗaya ba ka taɓa yi da sanyin jiki ba.

Ka sauko daga jirgin ruwa lokacin garin nan bai wuce injin yanka katako da masana'antar kifin gwangwani ba. Ka zo da injin buga jarida, da akwatunan littattafai, da amarya 'yar Norway wadda take binka tana dariya. Ni ina da jaridata, Mai Gadi, ina kuma dattijon majami'a. Ranar da ka kafa allon jaridarka, Ƙararrawa, ka tsallako ka gaya mini ba tare da wani kewaye ba cewa kai ɗan ƙungiyar Tiyosofi ne, tun a New York ka shige ta. Ka ce gaskiya ɗaya ce a ƙarƙashin dukan addinai, 'yan Adam kuma 'yan'uwan juna ne ko wane launi ne, sannan mutum yakan mutu ya sake dawowa a wani jiki har sai ya kammala koyon darasinsa. Na ce maka wannan bokanci ne. Ka yi dariyar da ta kori dokin mai kawo madara, ka ce sunan ya yi maka. Tun daga ranar ni ina kiranka Boka, kai kana kirana Dattijo.

Kowace Juma'a kana caccakata a shafinka, kowace Asabar ina ramawa a nawa. Mutanen gari sun ɗauka ba ma ko gaisawa, alhali kusan kullum tare muke cin abincin rana a shagon gwauruwa Hulda. Ni in ci gasasshen kifi, kai da ka haramta wa kanka nama ka ci wake da dankali, kana kallon farantina kana cewa in ci a hankali, wataƙila kawuna ne.

Amma abin da nake so yaran yanzu su sani game da kai ya faru ne a kakar 1885. Aiki ya yi ƙaranci, injin katako ya sallami mutane, sai aka ɗora laifin a kan Sinawan da ke zaune a ƙasan gari, masu aikin kifi da wanki da guga. Wani kwamiti ya ba su wa'adi su bar garin. Mu biyu mun yi rubutu a kan haka, ba a saurare mu ba. Da wa'adin ya cika, da hantsi ana yayyafi, taron maza ɗauke da sanduna da igiyoyi suka tasa iyalan nan a gaba zuwa tashar jiragen ruwa, tsofaffi da mata da ƙunshin kayansu a ka.

Ina tsaye a gefen hanya tare da fasto muna roƙon mutane, sai ga ka a guje, ba hula, hannuwanka baƙi ƙirin da tawada. Ka riga taron isa bakin gadar jirgi, ka haye kan gangar kifi. Na zaci za ka yi musu wa'azin Tiyosofi su jefa ka ruwa. Sai na ji kana kiran su da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gaisuwa a kasuwa.

Ka nuna wani ƙato da ke gaba-gaba ka ce, "Kai Torvald, da gungume ya danne maka ƙafa, wa ya ɗora ta? Ga shi nan a bayanka, tsoho Fong, ka waiwaya ka gaishe shi mana. Kai kuma Mulcahy, gobe zan buga sunanka da manyan haruffa, in aika wa tsohuwarka a Boston. Ai tana son ganin sunan ɗanta a jarida."

Wani ya jefe ka da kan kifi, ya same ka a kunne. Ka goge, ka ce ka gode amma ba ka cin nama. Dariya ta ɓarke a tsakiyar taron, kuma wanda ya yi dariya sandarsa takan yi masa nauyi. Torvald ya yar da igiyarsa ya juya. Wasu suka bi shi. Na ga maza suna zamewa ta bayan rumbunan kaya suna ɓoye fuska.

Ba duka ka ceta ba, kai ma ba ka taɓa cewa haka ba. Fiye da rabin mutanen an cusa su cikin jirgin, ba su kuma sake dawowa ba. Amma iyalin Fong da wasu gidaje kaɗan ka janye su daga layi, Marit ta buɗe musu ƙofar gidanku ta tsaya a bakinta da muciya a hannu. Da la'asar waɗanda suka rage a kan bakarsu suka fasa ofishinka, suka jawo injinka a kan amalanke suka tura shi cikin teku.

Ban manta shigowarka ofishina ba. A jiƙe sharkaf, jini a kunne, idanunka na ƙyalli kamar wanda aka yi wa albishir.

Ka ce, "Dattijo, matsa mini. Yau injinka zai buga gaskiya karo na farko."

Na matsa. Washegari Ƙararrawa ta fito daga injin Mai Gadi, da labarin duka da sunayen duka. 'Yan kasuwa suka janye tallarsu daga jaridunmu biyu, muka yi hunturun nan a kan wake da dankali, har ni. Kana ta murna wai a ƙarshe ka shiryar da ni.

Daga wannan abin ne littafinka na farko ya fito, Gida Ɗaya, Ƙofofi Da Yawa. Na yi masa sharhi na ce rabinsa shirme ne, ɗaya rabin kuma ya kamata a karanta shi a kowace majami'a. Har yau ban canja ra'ayi ba. Bayan wasu shekaru ka sayar da filinka ka tafi Ceylon da Indiya, kana aiko da rahotanni ana bugawa. Mutanen da ba su taɓa wuce bakin gaɓar nan ba suka riƙa tsayawa a shagon aski suna musu a kan sufayen birnin Kandy da masu wanka a kogin Benares. Ba ka rubuta su a matsayin abin kallo ba. Ka rubuta su kamar maƙwabta, da sunayensu da barkwancinsu da abin da suka ba ka ka ci. Ka dawo a rame, zazzaɓi ya cinye ka, amma tun daga kan jirgi kake ɗaga mini murya cewa ka samo sababbin hujjojin da za su kayar da ni. Rahotannin nan su ne suka zama littafinka na biyu. Na ukun kuwa tatsuniyoyi ne na yara, kuma jikokina sun haddace su, ni dattijon majami'a ina ji ina gani.

Ranar Lahadin da ta wuce na je duba ka bayan sujada. Numfashinka yana fita da ƙyar, Marit da 'yarku Sigrid suna zaune a gefen gadonka. Na shiga da fuskar jaje, kai kuwa ka tarbe ni da fuskar wanda ya ɗaure kayansa yana jiran jirgi. Ka kamo hannuna ka jawo ni kusa.

"Dattijo, labari mafi girma a duniya ke nan, kuma ni zan riga ka samunsa."

Na ce maka ai ba ka da inda za ka buga shi. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, Sigrid ta harare ni. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

A wurin bankwana da kai, kamar yadda ka yi wasiyya, ba wanda ya sa baƙaƙen kaya. Zauren ƙungiyarku bai ɗauki jama'a ba, har kan titi. Ga 'yan Tiyosofi da fararen furanni, ga fastonmu, ga masunta, ga Torvald da ya tsufa yana dogara sanda. Jikan Fong, wanda yanzu yake da babban shago a Portland, ya zo da iyalinsa duka, ya sunkuya a gabanka ya daɗe bai ɗago ba.

Marit, ke kika san abin da zama da wannan guguwar ya ci miki, ke kuma kika fi kowa sanin daɗinsa. Allah ya ba ki haƙuri, ya zama gatanki. Sigrid, Allah ya ƙarfafa hannunki a kan jaridar da mahaifinki ya bar miki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yan'uwansa na ƙungiya, da duk wanda ya taɓa samun mafaka a gidansa ko a shafinsa.

Kai kuma Ansel, addu'ar da na iya ita zan yi maka, ta mutanen majami'a, yau kuwa ba ka da bakin musu. Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa baƙi ranar da ba su da kowa. Ya karɓe ka da hannu biyu, ya ba ka hutu, in har za ka yarda ka huta. Amin.

Horace Dunwoody
Port Ellery