Abin da Ya Tsiro a Rufin Inna Ɗaso

Inna Ɗaso ƙanwar mahaifiyata ce. Shekara ashirin da bakwai ke nan da ta zo Hajji daga Gobir, ba ta koma ba, kuma ba ta da iƙama, wato katin izinin zama. Wankau take yi a gidajen unguwar Zahir, tana kwana a wani ɗaki a unguwar Hindawiyya, ƙarƙashin tankin ruwa. Mace ce da ko hon ɗin mota ta ji sai ta nemi wajen ɓuya. Teku na nan kusa, amma ba ta taɓa ganinsa ba saboda shingen bincike.

Wata Juma'a na nuna mata hoton kififiyar teku da na ɗauka a waya a bakin tekun Shu'aiba, ƙatuwa, sai maza huɗu za su ɗaga ta.

"Wannan ai ke ce, Maha," in ji ta. "Katinki ne ƙoƙon bayanki, ki shiga ruwa ki fita son ranki. Ni kuwa ga ni can."

Ta nuna sama. A jikin katakon rufi wani naman kaza ne ya tsiro, ruwan ƙasa, mai santsi, yana rawa kamar kitse. Ba ƙashi, ba ɓawo, zafin rana ɗaya ya isa ya kashe shi.

Na kai yatsa, katakon ya lotsa. Tankin yoyo yake yi!

"Inna, tun yaushe?"

"Wata biyar. Kullum kankare shi nake da cokali, kada mai gida ya gani."

Wallahi kamar in yi ihu don haushi. Na ce a kira mai gyara, ta riƙe mini hannu ta ce a'a. Mai gyara zai jawo mai gida, mai gida zai jawo hukuma. Na bar maganar, tsoro ya kama ni ni ma.

Ran Talata da hantsi motar ruwa ta cika tankin. Inna na dawowa daga shago rufin ya rufta. Ma'aikatan ceto suka zo, suka fito da akwatinta a jiƙe, likkafanin da ta wanke da Zamzam yana leƙowa.

Wani jami'i ya juyo wajenta ya tambaya da Larabci, "Hajiya, kin san mai ɗakin nan?"

Ta dubi akwatin. "Ban san ta ba," ta ce, ta gyara niƙabi ta wuce.