Minti Ashirin Na Baba Agogo

Ƙarfe biyar da rabi na safe yake isowa filin jirgi, ya goge teburin tambaya da hankici, ya ɗaura agogo a kowane hannu. Na dama lokacinmu ne. Na hagu kuwa juya shi yake zuwa lokacin ƙasar da jirgi na gaba zai taso. Shekara talatin da ɗaya ke nan, har sunansa ya ɓace, kowa sai Baba Agogo. Masu turin kaya kan tsokane shi wai ko gaisuwar matarsa sai ya duba hannu kafin ya amsa.

Mai shara ta ce ta sha ganin ya ja wa tsoho layi a bayan takarda: nan ɗanka, nan kai, kilomita kaza, awa kaza. Ba ya sallamar mutum sai ya ga ya gane.

Ni ma shaida ce. Bara Innarmu na kwance a asibiti, likita ya ce a kira na nesa. Yayanmu da ke ƙasar waje ya yanki tikiti: tashi ƙarfe tara, sauka ƙarfe ɗaya. Na kasa zama, shida da rabi ina gaban teburin Baba, ina tambaya ko za a yi jinkiri.

Ya dubi idona kafin ya dubi takardar.

"'Yata, wa ke jiransa?"

"Mahaifiyarmu. Jikin ya yi tsanani. Amma awa huɗu ne kawai, ko?"

"Shida ne. Taran nan tasu ce, sun riga mu da awa biyu. Kilomita dubu huɗu da ɗari bakwai ba nan kusa ba ne." Ya miƙo mini hannun hagu. "Takwas da rabi a can. Nan da minti ashirin za a ce ya kashe waya. Sun yi magana yau?"

"Mun ce sai ta farka."

"A tashe ta."

Na kira ƙanwata da ke jinyar Inna, ta kira Yaya, ta kara wa Inna wayar a kunne. Abin da Inna ta fara tambayarsa shi ne ko ya karya. Sannan ta ce ta yafe masa, ya zo a hankali.

Ƙarfe goma sha ɗaya Inna ta cika, Yaya yana sama. Ƙarfe ɗaya ya sauka, kamar yadda tikiti ya ce. Har yau in na tuna, zuciyata karyewa take.

Baba, kai ne ka ba mu minti ashirin ɗin nan. Ba ka rage tazarar da ko taku ɗaya ba, gaskiyarta ka faɗa mini tun tana da amfani. Mai agogo biyu, magana ɗaya.

Makon jiya ya ajiye aiki, ido ya ƙi, allurar agogo ta fara ɓace masa. Na je yi masa godiya. Bai gane fuskata ba, sai da na ce tikitin ƙarfe tara.

Ya riƙe hannuna. "Sun samu yin maganar?"

Ashe shekara guda yana ɗauke da tambayar.

Sun samu, Baba. Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu zama bayan tebur, kafin ku ce "duba allo", ku ɗaga kai ku tambayi mutum wa ke jiransa.