Sai Na Tabbatar Ni Ba Inji Ba Ne

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu da ke bayan Mutum Biyu, ni da mahaifina wanda yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Mun ji wata ƙungiyar agaji za ta yi aikin ido kyauta a Jalingo, amma sai an yi rajista ta intanet, mu kuwa a garinmu sai ka hau tudu kake samun sabis.

Hanyar duk ramuka, direba sai kauce-kauce yake yana tsaki. A Iware muka tsaya na saya wa Baba fura. Ya kurɓa ya ce wannan nonon ya fi kusa da rijiya a kan saniya. Dariyarmu ta ƙarshe ke nan a ranar.

Keke ya sauke mu a wani shagon kwamfuta a unguwar Barade cikin Jalingo, cike da mutane, kowa da tsohonsa. Ana buɗe shafin rajistar na shigar da bayanan Baba. Sai shafin ya ce in tabbatar ni mutum ne, ba inji ba. Ya jero hotuna dishi-dishi, wai in zaɓi masu danjar titi. Na zaɓa, ya ce na kuskure. Ya kawo famfon kashe gobara, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ya kawo haruffa a murɗe. Ina gumi, Baba yana tambaya ko an dace. Da ƙyar na tsallake, sai ga sanarwa: gurabe sun cika.

Mai shagon ta ce da ni cikin Hausarta ta Jalingo, "Malam, kar ka wahala kanka. Wani mutum a unguwar Turaki yana da manhaja, shi ya kwashe duka. Hotunan nan, inji yana gane shi ya fi mutum."

Muka je. Na same shi a baranda yana cin doya da ƙwai, kwamfuta a gefensa. Ko ɓoyewa bai yi ba. Ya ce manhajarsa kan warware gwajin kafin mutum ya gama karanta tambayar, in ina son gurbi mu yi ciniki. Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Baba ya lalubo hannuna ya ce, "Mu tafi. Ba zan sayi abin da aka bayar don Allah ba."

A ofishin ƙungiyar aka ba mu haƙuri, wai shafinsu yana da kariya.

Wace kariya? Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, gwajin bai hana inji komai ba, mu mutanen kawai ya tsare a ƙofa. Bayan magariba muka isa gida. Inna ta taro mu da murna, tana tambayar ranar aiki. Baba ne ya amsa mata: "Shimfiɗa mini tabarma. Kwamfuta ta riga mu."