Ƙofar da Yaya ya ce kada a buɗe

Na ga mutuwa iri-iri a zamana na Makka, amma ranar da Yayana ya shiga halwa a gidanmu na unguwar Nakkasa ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Mu uku ne a gidan, can saman dutse inda mota ba ta kaiwa: ni, da Yaya, da matarsa. Dukanmu aikin Hajji ya kawo mu muka maƙale, babu mai iƙama, wato takardar zama. Yaya tela ne, ni kuma ina yi wa wasu Larabawa aikin gida a Aziziyya. Tun da ɗansa ɗaya tilo ya rasu Yaya ya canza. Ya rage ɗinki, ya ƙara wuridi, kullum kukansa shi ne zuciyarsa ta bushe, yana salla a gaban Ka'aba amma ba ya jin komai.

Ana haka ya haɗu da wani alhaji da ya zo Umara daga Turai. Mutumin ya ba shi wani busasshen naman kaza, tsiron nan mai kama da laima, ƙulle a leda, ya ce a can masu neman natsuwa suna cin ɗan kaɗan kafin su zauna tunani, sai zuciya ta buɗe. Da Yaya ya nuna mini, na ce masa wannan ai ƙwaya ce aka naɗa mata rawani. Na tuna masa ƙasar da muke ciki da irin hukuncinta. Ya yi murmushi, ya ce tsiro ne Allah ya halitta, kuma ɗan mitsitsi zai taɓa. Ni dama an san ni da baki, sai aka ɗauki maganata a matsayin halina na kullum.

Shiri kuwa ya yi shi kamar mai shirin aure. Ya yi kwanaki yana azumi, ya bar nama da mai. Ya fitar da keken ɗinki daga ɗan ɗakinsa, ya wanke ƙasa, ya shimfiɗa darduma. Ya toshe taga da bargo don kada haske ya shiga. Na'urar sanyaya ɗaki ma ya kashe ta, wai ƙararta tana raba masa hankali. A tsakiyar zafin Makka fa, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana.

Da safen ranar ya tara mu, ya ce a kulle shi ta waje, kada a buɗe sai magariba.

"Mai halwa, da tsoro Shaiɗan yake fara zuwar masa," in ji shi. "Zan iya yin kuka, zan iya roƙonku. Ko me kuka ji, kada ku buɗe. Wadda ta buɗe ta ɓata mini komai, kuma ban yafe ba."

Ya miƙa wa matarsa mukulli, ya shiga da ledarsa, ko ruwa bai ɗauka ba. Matar Yaya mace ce mai tsoron Allah, wadda kalmar "ban yafe ba" daga bakin miji ta fi mata duka ciwo. Ni kuwa na ja gyalena na tafi aiki raina a ɓace.

Bayan la'asar na hawo dutsen, na tarar da ita zaune a ƙasa, ta jingina da ƙofar, mukulli a hannu, idanu sun kumbura. Ta ce tun azahar ya fara. Dariya da farko, sai kuka, sai amai. Daga baya ya yi ta buga ƙofa da tafin hannu yana kiranta, yana neman ruwa. Ita kuma tana ta jan carbi tana roƙa masa juriya.

"Amma yanzu ya yi shiru, Auta," ta ce. "Ina jin ya samu natsuwar."

Na fizge mukullin. Zafin da ya buge ni da na buɗe kamar na tanderu ne. Yaya yana kwance dab da ƙofa, leɓɓansa sun tsage, jikinsa zafi rau babu ko gumi, numfashi sama-sama.

Maƙwabta suka taru, sai aka tsaya muhawara. Wani ya ce in aka kira motar asibiti 'yan sanda za su biyo ta, a kwashe rabin unguwa a mayar da su gida. Na ce musu a kwashe ni ni kaɗai, amma a taimaka. Wani maƙwabci mai iƙama ya goya shi ya sauko da shi titi, ya sa shi a motarsa. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa, kansa a kan cinyata.

Likita ya ce zafi ne da zuciya. Ba wanda ya ambaci ledar, kuma har yau ban san ainihin abin da aka ba shi ba.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa Yaya ya dace, ya mutu a Makka, an yi masa salla a Harami. Na amsa da amin, amma Allah ya sani zuciyata tafasa take yi. Ban ji haushin matarsa ba. Haushin Yaya na ji, da ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Sai bayan ta gama takaba ta yi mini tambayar da take ta ci mata rai.

"Auta, da na buɗe, kina ganin da ya yafe mini?"

Sai yanzu na san amsar. Mutumin da zai ci abin da zai juya masa hankali ba shi da ikon ɗaure kowa da alkawari, kuma babu ibadar da ta kai a ji ɗan Adam yana kiran ruwa a toshe kunne. Da ta buɗe, da ya yi fushinsa ya huce, da yanzu yana nan yana ɗinki.